Najjashi, Sarkin Da Ya Ƙi Miƙa Baƙinsa

Mu matasan Hausawa mazauna Jidda, da muka san ɗacin zaman baƙunci, mukan yawaita tuna Ashama, wato Najjashi Sarkin Habasha. Tun yana yaro aka kashe mahaifinsa, shi kuma aka sayar da shi ga wani falke, kafin daga bisani a maido shi kan gadon sarauta.

A shekarar 615, Musulmin da Ƙuraishawa ke gana wa azaba saboda sun bar addinin kakanni suka shiga jirgi a Shu'aiba, kudu da Jidda, sai ƙasarsa. Kirista ne a lokacin, amma bai ce sai sun bi addininsa ba. Da Amru ɗan Asi ya zo da kyaututtuka domin a koro su, sarkin ya ƙi yanke hukunci sai da ya ji ta bakin Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib, wanda ya karanta masa Suratu Maryam har ya zub da hawaye. Ya mayar wa Amru kayansa, baƙi suka ci gaba da sallarsu.

Daga baya shi ma ya musulunta. Da ya rasu a 630, Manzon Allah (SAW) ya yi masa sallar gawa daga Madina.