Monteskiyu (1689–1755): Alƙalin da Ya Kasa Iko Gida Uku

An haifi Monteskiyu a 1689 a gidan sarauta na La Bared, kusa da birnin Bordo a Faransa, zamanin da Sarki Luwis na 14 ke mulki ba mai ce masa kanzil. Ya karanci shari'a, kuma a 1716 ya gaji baffansa sarauta da kujerar alƙalanci a babbar kotun Bordo. A Faransar wancan lokaci kujerar alƙali kadara ce kamar gona, a gada a sayar. Shi ma ya sayar da tasa a 1726, bayan littafinsa na zambo, Wasiƙun Farisa (1721), ya riga ya fito da sunansa.

Zamansa a Ingila daga 1729 zuwa 1731 shi ya zaunar da tunaninsa. Ya ga majalisa na ja da sarki, jaridu na sukar ministoci. Abin da ya tsinta can ya shiga babban littafinsa, Ruhin Dokoki, wanda ya fito a Janiba a 1748 ba da sunan marubuci ba. Hujjarsa ita ce duk mai iko yakan zarce har sai ya ci karo da iyaka, don haka iko ne kaɗai ke taka wa iko burki. Idan mai yin doka shi ne mai zartar da ita, zai tsara ta yadda ta dace da zaluncinsa. Idan kuma shi ne alƙali, talaka ba shi da inda zai kai kuka.

Sai dai bai karanci Ingila daidai ba, domin ministocinta 'yan majalisa ne. Ra'ayinsa kuwa cewa zafin ƙasa na kashe zuciyar mutanenta har su miƙa wuya ga bauta, zato ne da aka yi wa rigar ilimi, kuma mai karatu a Afirka ba zai wuce shi shiru ba.

Cocin Katolika ya haramta littafin a 1751. Monteskiyu ya rasu a Paris a 1755, idanunsa sun kusa mutuwa. Madubin da ya bari Amurkawa suka ɗauka a tsarin mulkinsu na 1787, daga can Nijeriya ta aro a 1979. Sashe na 4 da na 5 da na 6 na tsarin mulkin 1999 su ne suka ba majalisa da ɓangaren zartarwa da kotuna kowa nasa rabo.