Landrum Shettles: Likitan da Ya Yi Iƙirarin Zaɓa wa Iyaye Namiji ko Mace

An haifi Landrum Shettles a shekarar 1909 a yankin Pontotoc da ke Jihar Misisipi ta Amurka. Ya yi karatun likitanci a Jami'ar Johns Hopkins, sannan ya ƙware a fannin haihuwa da cututtukan mata. Ya shafe fiye da shekara ashirin yana aiki a asibitin Columbia-Presbyterian da ke birnin New York, inda ya duƙufa kan nazarin ƙwan mace da ƙwayoyin maniyyi ta madubin ƙara girma. A 1960 ya fitar da kundin hotunan ƙwan ɗan Adam mai suna Ovum Humanum, wanda ya ɗaga darajarsa a idon masana.

Sai dai abin da ya yayata sunansa shi ne littafin da ya rubuta tare da ɗan jarida David Rorvik a 1970, kan yadda ma'aurata za su zaɓi jinsin jaririnsu. Ya kafa hujjarsa ne a kan wani abu tabbatacce: ƙwan mace yana ɗauke da ƙwayar gado ta X kawai, shi kuwa maniyyin namiji iri biyu ne, mai X da mai Y. Idan mai Y ya riga isa ƙwai a sami namiji, idan mai X ne a sami mace. A kan wannan ya ɗora nasa hasashen, cewa mai Y ya fi sauri amma ba ya jimawa da rai, mai X kuwa nawa gare shi amma ya fi juriya. Saboda haka ya shawarci mai son namiji da ya kusanci iyalinsa daidai lokacin fitar ƙwai, mai son mace kuma ya yi hakan kwana biyu ko uku kafin lokacin.

Littafin ya karɓu ƙwarai, amma masu bincike ba su gamsu ba. A 1974 likita Rodrigo Guerrero ya wallafa sakamakon da ya nuna kusan akasin maganar Shettles. A 1995 kuma binciken Allen Wilcox da abokan aikinsa a kan mata 221 ya nuna cewa lokacin saduwa ba shi da wani tasiri a aikace kan jinsin jariri. Dalilin ɗorewar dabarar a bakin jama'a a fili yake: ko ba a yi komai ba, kusan rabin masu neman namiji za su same shi, su kuma ne ke yaɗa labari.

Ƙaƙa-ni-ka-yi mafi girma a rayuwarsa ya auku ne a 1973, lokacin da ya haɗa ƙwan wata mata da maniyyin mijinta a kwalbar gwaji ba tare da izinin asibiti ba. Shugaban sashensa, Raymond Vande Wiele, ya dakatar da gwajin, Shettles kuma ya bar aiki. Ma'auratan sun kai ƙara, kotu ta ba matar diyyar dala 50,000 a 1978, shekarar da aka haifi jaririya ta farko ta wannan hanya a Ingila. Daga nan ya koma wani ƙaramin asibiti a Jihar Vermont. Ya rasu a Filorida a 2003, yana da shekara 93.

Malaman Musulunci ma sun duba wannan mas'ala. A 2007 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta halatta bin hanyoyin ɗabi'a kamar zaɓen lokaci da abinci, ta kuma taƙaita shigar likita ga larurar cutar gado da ke bin jinsi ɗaya, tana tunatar da cewa asali shi ne yarda da abin da Allah ya bayar. Halaccin abu kuwa ba ya nufin yana aiki, don haka mai hankali ba zai zuba dukiyarsa ga masu tallar sirrin haihuwar maza ba. Kuma duk da saɓanin da ke tsakanin Shettles da masu sukarsa, sun haɗu a kan cewa ƙwayar da ke tantance jinsi daga uba take fitowa. Mijin da ke ƙuntata wa matarsa ko ya sake ta don ta jera 'ya'ya mata ya zalunce ta, ba shi da hujja a likitance, balle a shari'ance.