Christopher Wren: Maginin Da Ya Tayar Da Landan Daga Toka

An haifi Christopher Wren a shekara ta 1632 a ƙauyen East Knoyle da ke ƙasar Ingila. Mahaifinsa limamin ikilisiya ne. Ya yi karatu a Jami'ar Oxford, inda ya shahara a fannin lissafi da ilmin taurari tun kafin ya shiga harkar gini.

A watan Satumba na 1666 gobara ta tashi a Landan, ta yi kwana huɗu tana ci. Ta cinye gidaje fiye da 13,000 da majami'u 87, har da tsohuwar babbar majami'ar St Paul. Cikin 'yan kwanaki Wren ya kai wa Sarki Charles na Biyu taswirar sabon birni mai faffaɗan tituna da dandali. Amma masu filaye suka ƙi sakin ko taku ɗaya, kowa na son ya sake gini a kan kufan gidansa. Saboda haka aka ajiye taswirar, titunan suka zauna a karkace kamar da.

Wannan bai karya masa zuciya ba. A 1669 aka naɗa shi shugaban gine-ginen sarki. Shi da mataimakansa suka sake gina majami'u kusan 50 da kuɗin harajin kwal. Ya tsara su yadda kowane mai sujada zai ga mai wa'azi, ya kuma ji muryarsa sosai.

Babban aikinsa shi ne sabuwar St Paul, wadda aka aza harsashinta a 1675. Kubbarta hawa uku ce: ta ciki, da ta waje, da wani ginin tubali a ɓoye tsakaninsu wanda ke ɗauke da nauyin hasumiyar sama. Da aikin ya daɗe, majalisar dokoki ta riƙe rabin albashinsa a 1697 har sai ya gama. Ya haƙura ya ci gaba. A 1708 ɗansa ya aza dutse na ƙarshe, aka bayyana kammala ginin a 1711.

Wren ya rasu a 1723 yana da shekara 90, aka binne shi cikin majami'ar. A Disamban 1940 jiragen Jamus suka yi wa unguwar ruwan bama-bamai, kewayen ya ƙone, amma kubbar ta tsaya daram.

Jama'a, duk ikilisiyar da ke shirin yanka fili ko aza harsashi, ta tuna cewa jikoki ne za su zauna da abin da aka tsara yau, ko mai kyau ko akasin haka.