Michael Faraday: ɗan maƙerin da ya koyar da kimiyya da kyandir

Duk ɗan kasuwar da ya tada janareta a rumfarsa yana cin moriyar aikin Michael Faraday, ko da bai taɓa jin sunansa ba. An haife shi a Landan ta ƙasar Ingila ran 22 ga Satumba 1791. Ubansa maƙeri ne matalauci, don haka yaron bai yi nisa a makaranta ba. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, ya riƙa karanta duk abin da aka kawo masa ɗinki.

A 1812 wani abokin cinikin maigidansa ya ba shi tikitin sauraron laccocin Humphry Davy, shahararren masanin kimiyya. Faraday ya rubuce abin da ya ji, ya ɗinke shi littafi, ya aika wa Davy. A 1813 aka ɗauke shi yaron ɗakin gwaji a cibiyar Royal Institution. Can ne a 1831 ya gano cewa in aka motsa maganaɗisu cikin naɗin waya, wutar lantarki na samuwa. Asalin janareta ke nan.

Da yake ta ƙofar lacca ya shigo, bai manta ba. A 1825 cibiyar ta soma laccocin yara na lokacin Kirsimeti, shi kansa ya gabatar da su har sau 19. Dabararsa ita ce kada ya faɗi abin da zai iya nunawa. Sai ya kunna kyandir, abin da ke kowane gida, ya hure shi, ya kai wuta ga hayaƙin, wutar ta bi hayaƙin ta koma kan lagwani. Daga nan ya ja yara zuwa batun iska da numfashin mutum. Wata rana ma bokitin gawayi na ƙarfe ya jefa wa babban maganaɗisu, ya manne ram. Mai talla ya san wannan: gani ya kori ji. Kuma ba da ka yake yi ba, sai da ya je koyon iya magana gaban jama'a. Sai dai fa shiga da kuɗi ne, galibi 'ya'yan masu hali suka amfana.

Ya ƙi shugabancin ƙungiyar masana ta Royal Society. Ya rasu ran 25 ga Agusta 1867. Tsofaffin 'yan canji za su tuna fuskarsa a takardar fam 20 ta Ingila, daga 1991 zuwa 2001.