Gwarzon Wannan Mako: Abul Ƙasim Az-Zahrawi, Likitan da Ya Yaƙi Zubar Jini

A wannan mako mun kawo muku tarihin Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ake yi wa laƙabi da uban aikin tiyata.

An haife shi wajen shekarar 936 a yankin Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus, wato Sifaniya ta yau. Ya yi wa Halifa Al-Hakam na biyu aikin likita, ya rasu wajen 1013. Ya bar littafi mai suna At-Tasrif, juzu'i 30. Juzu'in ƙarshe kan tiyata ne, da zanen kayan aiki kimanin 200. An fassara shi zuwa Latin a ƙarni na 12, likitocin Turai suka shafe ɗaruruwan shekaru suna karatu da shi.

Zubar jini na cikin abubuwan da ya fi mai da hankali a kai. Ya koyar da cewa idan jijiya ta yanke, a fara danne wurin da yatsa, sannan a ɗaure jijiyar, ko a yi lalas, ko a sa magani a naɗe da ƙarfi. Yakan ɗinke raunin cikin ciki da zaren hanjin dabba, wanda jiki ke narkarwa da kansa. Ya kuma ba da labarin wani dangi da mazansu ke mutuwa saboda ɗan rauni kaɗan, domin jininsu ba ya tsayawa.

A zamaninsa ba a san ƙwayoyin cuta ba. Sai a 1865 Joseph Lister ya fara tsabtace rauni da sinadarin kabolik a Glasgow. Yau kuwa ana yin bandeji daga ɓawon jatan lande da ciyawar teku, wanda ke taimaka wa jini ya daskare, ya kuma kare rauni.

Mu a Birniwa, lauje da fartanya da adda ba baƙinmu ba ne, musamman lokacin yankan riɗi da girbin gero. Wasu na cusa ƙasa ko kashin shanu a rauni, alhali nan ne ƙwayar cutar tetanus ke zama, mai sandarar da jiki har haƙora su sarƙe. Idan wani ya yanke, mu danne da tsumma mai tsabta. Jini ya tsaya, a wanke da ruwa mai kyau, a rufe, a garzaya asibiti don allura.

Allah ya jiƙan Az-Zahrawi, ya fitar da irinsa daga cikinmu, amin.