NARGIS, 'YAR WASAN DA TA SA KAKATA KUKA

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da ta ɓarke tsakanina da abokaina bayan mun dawo daga hutu. Su dai sun dage a kan cewa 'yan wasan fina-finan da ba su iya wasa ba, ban da zare ido da ɗaga murya da kuka babu abin da suka sani. Ni ma a da haka na ɗauka. Amma gani ya kori ji.

A lokacin hutu kawuna ya sa mana wani tsohon fim na Indiya mai suna Mother India, wato Uwar Indiya. Babu fassarar Hausa a cikinsa kamar waɗanda muka saba kallo. Na zauna ne da niyyar in yi dariya in tashi. Can sai na waiga na ga kakata tana share hawaye da bakin zanenta, ita da ba ta san ko kalma ɗaya ta harshen Hindi ba. Wannan ne ya sa na shiga neman tarihin matar da ta fito a matsayin uwa a fim ɗin. Sunanta Nargis.

An haife ta a birnin Kalkata na ƙasar Indiya ran 1 ga Yuni, 1929. Sunanta na yanka Fatima Rashid, Nargis kuwa sunan wasa ne, kuma sunan wani fure ne. Mahaifiyarta, Jaddanbai, shahararriyar mawaƙiya ce, tana kuma cikin matan farko da suka shirya fim a Indiya. Da yake barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, tun tana 'yar shekara 6 uwar ta sa ta a wani fim nata mai suna Talash-e-Haq a 1935. Tana da shekara 14, a 1943, mai shirya fina-finai Mehboob Khan ya ba ta babban matsayi a fim ɗinsa Taqdeer. Daga nan ƙofa ta buɗe mata.

Shekarar 1949 ta zo mata da daɗi da ɗaci. A cikinta ne mahaifiyarta ta rasu, a cikinta ne kuma fina-finanta biyu, Andaz da Barsaat, suka ɗaga sunanta. A Andaz ta fito tare da Dilip Kumar da Raj Kapoor, manyan 'yan wasan wancan zamani. Ita da Raj Kapoor sun yi fina-finai 16 tare, ciki har da Awaara na 1951 da Shree 420 na 1955. Awaara ya yi farin jini har a ƙasar Rasha. A waɗannan fina-finai yawanci budurwa take fitowa, kyakkyawa, mai son wani saurayi. Da a nan ta tsaya, da sai a ce kyau ne kawai ya taimake ta.

To, sai ga Mother India a 1957, wanda Mehboob Khan ya shirya. A lokacin shekarunta 28, tauraruwarta na tsakiyar haske, amma ta yarda ta ajiye kwalliya, aka shafe mata fuska da taɓo, aka sa mata furfura. Ta fito a matsayin Radha, tun daga ranar da aka kai ta ɗakin miji har ta zama tsohuwa tukuf. Wani abin mamaki, Sunil Dutt wanda ya fito a matsayin ɗanta, sa'anta ne, shekara ɗaya da wata ɗaya aka haife su. Amma duk wanda ya kalle su zai rantse ita ta haife shi.

Ga labarin a taƙaice. Uwar mijin Radha ta ci bashin rufi 500, wato kuɗin Indiya, a wurin wani mai ba da bashi da ruwa, Sukhilala, don a yi bikin ɗanta. Da yake mutanen gidan ba su iya karatu ba, sai ya cuce su a takarda, ya riƙa kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin gonarsu kowace kaka. Mijin Radha ya je share wani fili mai duwatsu don su ƙara gona, sai dutse ya danne masa hannuwa, ya rasa su duka biyu. Kunyar zama ana ciyar da shi ta sa ya sulale cikin dare, ba a sake ganinsa ba. Ambaliya ta zo ta cinye gida da gona, ƙaramin ɗanta ya mutu. Radha ta ɗaura ɗamara, ta ja garma da kafaɗarta a madadin shanu, har ta reni 'ya'yanta biyu, Ramu da Birju. Ramu ya tashi mai haƙuri. Birju kuwa ya tashi da ƙullin Sukhilala a zuciya, ya zama ɗan fashi, ya kashe shi, ya kuma ɗauke 'yarsa a kan doki ranar aurenta. Radha ta riga ta ɗauki alkawarin cewa mutuncin yarinyar nan ba zai zube ba. Ta kira ɗanta ya tsaya, ya ƙi. Sai ta ɗaga bindiga ta harbe shi, ya cika a hannunta.

Yanzu bari in faɗi ra'ayina. Wurare biyu ne suka tabbatar mini cewa Nargis gwana ce. Na farko shi ne inda yunwa ta galabaitar da 'ya'yanta bayan ambaliya, ta tafi gidan Sukhilala wanda ya daɗe yana neman ta sayar masa da mutuncinta a bakin abinci. Tun daga tafiyarta za ka ga ƙafa tana gaba zuciya tana baya. Da ta dawo cikin hayyacinta ta ƙi, sai ka ga fuskar ta canja gaba ɗaya, tun kafin ta buɗe baki. Na biyu shi ne bayan harbin. Hannun da ya riƙe bindiga bai yi rawa ba, amma da yaron ya faɗi sai ta yar da ita ta ruga ta rungume shi, ta koma uwa kamar kowace uwa. A nan ne kakata ta kasa daurewa. Ita ma mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar, da dakau da sayar da ƙuli-ƙuli ta rene su. Ba ta ji abin da Radha ke faɗi ba, amma ta gane ta, domin labarin zuciya a tambayi fuska.

Kada a ce na goyi bayan tsofaffi ido rufe. Abokaina suna da tasu gaskiyar. A fina-finan wancan zamani akwai 'yan wasa masu wuce gona da iri, waɗanda in za su yi fushi sai sun cika wuri da ihu, in za su mutu sai sun yi dogon jawabi. Ko a wannan fim, a ganina ihun Birju ya yi yawa a wasu wurare, kuma tsawonsa ya kusa awa uku, har ƙanena ya yi barci. Amma ya kamata mu tuna cewa wasan fim na lokacin bai daɗe da rabuwa da wasan dandali ba, inda dole ɗan wasa ya ɗaga murya don na baya ya ji. Abin da ya bambanta Nargis shi ne ta san inda za ta ɗaga da inda za ta sauke. Shirunta ya fi kukanta taɓa zuciya.

Ba kakata kaɗai wasan nan ya kama ba. Tun wajen shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori, wato mutanen Labanan, suka fara shigo da fina-finan Indiya gidajen silima na ƙasar nan, kuma Mother India ya shafe shekaru da yawa ana maimaita shi a Kano da sauran garuruwa. Kawuna ya ce a zamaninsu akwai waɗanda suka kalle shi fiye da sau goma. Noma da bashi da kunya da girmama uwa duk abubuwa ne da suka sani a gida. Mu yanzu sai an fassara mana, har a gaya mana wane ne mugu. Su kuwa fuskar ɗan wasa ce tafintarsu.

Fim ɗin ya canja rayuwar Nargis kanta. Ana cikin ɗaukar wani wuri da ake ƙona tarin ciyawa, sai wuta ta ƙwace ta kewaye ta. Sunil Dutt ya kutsa ciki ya fito da ita, shi ma ya ƙone. Ta yi jinyarsa, daga nan shaƙuwa ta shiga tsakaninsu, suka yi aure a watan Maris na 1958. A wannan shekara Mother India ya zama fim ɗin Indiya na farko da ya shiga jerin masu takarar kyautar Oscar ta Amurka, ko da yake bai ci ba. Ita kuwa ta sami kyautar gwanar 'yar wasa a bikin fina-finai na Karlovy Vary a Turai, gwamnatin Indiya kuma ta ba ta lambar girma ta Padma Shri.

Bayan aure ta ja baya daga wasa ta kama renon 'ya'yanta uku, Sanjay da Namrata da Priya. Sanjay ɗin nan shi ne Sanjay Dutt da yayyenmu suka sani. Ta sake fitowa a Raat Aur Din na 1967, inda ta yi wasan mace mai hali biyu saboda taɓin hankali, kuma da shi ta zama mace ta farko da ta ci kyautar ƙasa ta gwanar 'yar wasa. Ita da mijinta sun kafa ƙungiyar 'yan wasa da mawaƙa masu zuwa bakin iyaka don ɗebe wa sojoji kewa. Ta kuma tsaya tsayin daka wajen taimakon yara naƙasassu. A 1980 aka naɗa ta 'yar majalisar dattawan Indiya.

Ba ta daɗe a majalisar ba ciwon daji ya kama ta. Aka kai ta Amurka magani, aka dawo da ita gida. Ta rasu a birnin Bombai ran 3 ga Mayu, 1981, tana da shekara 51, saura 'yan kwanaki a fara nuna Rocky, fim ɗin farko da ɗanta Sanjay ya ja ragama. Ranar da aka buɗe fim ɗin an bar kujera ɗaya babu kowa dominta.

Ina kira ga 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu da su nemi wannan fim su kalla, su rage sautin, su ga ko za su fahimci abin da ke faruwa. In sun fahimta, to su tambayi kansu ko kurma zai gane namu wasan in ya zo kallo ranar bikin ba da kyaututtuka. Abokaina kuwa na gardama, na yi musu alkawarin za mu kalla tare a hutu mai zuwa. Wanda ya kai ƙarshe idonsa a bushe, na yarda ya kayar da ni. Amma su sani, da tsohuwar zuma ake magani.