Giuseppe Ungaretti: ɗan mai gidan burodi a Iskandariyya da ya zama babban sha'irin Italiya

Duk ɗalibin da ya karanta adabin Italiya na zamani a jami'a, da wuya ya fita bai haɗu da sunaye uku ba: Ungaretti, Montale da Quasimodo. Biyun ƙarshe sun samu kyautar Nobel, Quasimodo a 1959, Montale a 1975. Na farkon bai samu ba, amma galibi da shi malamai ke buɗe darasin waƙoƙin ƙarni na 20. Wannan mutum kuwa a Afirka aka haife shi, a nan ya tashi, kuma bai taka ƙasar Italiya ba sai da ya kai shekara 24.

An haifi Giuseppe Ungaretti ranar 8 ga Fabrairun 1888 a birnin Iskandariyya na ƙasar Masar. Iyayensa 'yan ci-rani ne daga yankin Lucca na Italiya. Mahaifinsa ya yi aikin ƙarfi a mashigin Suez, ya mutu a 1890 yaron na da shekara biyu. Uwar ce ta riƙe gidan da sana'ar burodi a wata unguwa ta bakin gari, inda gine-gine ke ƙarewa hamada ta fara. Wata mata 'yar Sudan ce ta shayar da shi. A gida yana jin Italiyanci, a titi Larabci, a makaranta kuma Faransanci, domin uwarsa ta yi ƙoƙari ta sa shi a wata makarantar 'yan Switzerland mai suna École Suisse Jacot. Wanda ya tashi a zangon Hausawa a Yawunde ko Njamena ko Kumasi ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan rayuwa: harshen uwa daban, na kasuwa daban, na allo daban, ga kuma wata ƙasa da iyaye ke kira gida alhali kai ba ka taɓa ganinta ba.

A wannan makaranta ya karanta Baudelaire da Mallarmé na Faransa da Leopardi na Italiya. A nan kuma ya yi aboki, wani matashi Balarabe mai suna Moammed Sceab, wanda shi ma littattafan Faransa suka shiga ransa.

A 1912 Ungaretti ya bar Masar. Ya ratsa Italiya, ya ga duwatsunta karo na farko, amma bai zauna ba, ya wuce Paris neman ilimi. Ya halarci darussa a Sorbonne da Collège de France, ya saurari masanin falsafa Henri Bergson, ya ƙulla abota da sha'iri Guillaume Apollinaire, ya san masu zane irin su Picasso da Modigliani. Sceab ma ya je Paris, suka sauka a ƙaramin otel guda a titin Carmes.

A 1913 Sceab ya kashe kansa. Ya riga ya canza suna, yana kiran kansa Marcel, amma Faransawa ba su ɗauke shi nasu ba, shi kuma ya yi nisa da rayuwar danginsa har ba ya iya komawa cikinta. Ungaretti da matar da ke da otel ɗin ne suka raka gawarsa maƙabartar Ivry. Bayan shekara uku, yana fagen yaƙi, ya rubuta masa waƙar ta'aziyya mai suna In memoria, ya sa ta a farkon diwaninsa na farko. A ganina duk rayuwar Ungaretti ta rataya ne a kan wannan mutuwa. Su biyun ciwo ɗaya ke damunsu, na rashin wurin da za su ce nasu ne. Ɗaya ciwon ya kai shi kabari, ɗayan ya samu mafaka a harshen iyayensa, ya riƙe shi da hannu biyu.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Ungaretti ya koma Italiya, ya shiga sahun masu kiran ƙasar ta shiga yaƙin. A 1915 ya sa kaki a matsayin ƙaramin soja, ba igiya ko ɗaya, a runduna ta 19 ta sojan ƙasa. Aka tura shi Carso, wani tudun duwatsu mara ruwa kusa da iyakar Slobeniya ta yau, inda sojojin Italiya da na daular Ostiriya da Hungari suka shafe shekaru suna kashe juna saboda 'yan mitoci. Yana ganin a cikin sojoji talakawa, 'ya'yan manoma irin kakanninsa, zai zama cikakken ɗan Italiya.

A cikin ramukan yaƙi ya fara rubuta waƙoƙin da suka canja adabin ƙasar. Kafin shi, sha'irin da ake ji da shi shi ne Gabriele D'Annunzio, mai dogayen baitoci da kalmomi masu ƙyalli. Waƙar Italiya tun zamanin Dante da Petrarca tana da ma'auninta, layi mai gaɓa 11, kamar yadda rubutacciyar waƙar Hausa ta gaji kari da amsa-amo daga Larabci. Ungaretti ya kakkarya wannan layi. Ya cire alamomin rubutu, ya bar amsa-amo, wani layin kalma ɗaya ce tak, sauran takardar fari fat. Sojan da ya kwana kusa da gawar abokinsa ba shi da lokacin ado, ba shi ma da takarda: a bayan katin wasiƙa da gefen tsohuwar jarida yake rubutu, ya cusa a jakarsa. Kowace waƙa yana sa mata wuri da kwanan wata, kamar mai ajiye littafin tarihin kansa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara, Mattina ta 1917, layi biyu ce kacal.

Wani matashin hafsa mai son adabi, Ettore Serra, shi ya karɓi takardun ya buga su a garin Udine a ƙarshen 1916, kwafi 80 kawai. Sunan diwanin Il porto sepolto, wato tashar jiragen ruwa da ta nutse. Daga Iskandariyya sunan ya fito: wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Jean da Henri Thuile, sun taɓa ba shi labarin wata tsohuwar tasha da ke binne ƙarƙashin tekun birnin. A wata waƙar ta cikin diwanin, I fiumi, ya ba da tarihinsa ta hanyar koguna huɗu: Serchio na kakanninsa, Nilu na ƙuruciyarsa, Seine na Paris, da Isonzo inda yake wanka a bakin daga. Ni dai a fassarar Faransanci na fara karanta ta ina jami'a, cikin littafin Vie d'un homme wanda Philippe Jaccottet ya yi aiki a kansa, kuma nakan ba ɗalibaina shawara su fara da ita.

A 1918 aka mayar da rundunarsa fagen Faransa. Da yaƙi ya zo ƙarshe a watan Nuwamba ya garzaya Paris gidan Apollinaire, ya tarar annobar mura ta riga ta ɗauke shi. A 1919 ya fitar da ɗan diwani da Faransanci, La Guerre, da kuma Allegria di naufragi da Italiyanci, wanda daga baya ya gyara ya zama L'Allegria a 1931. Ya auri Bafaranshiya, Jeanne Dupoix, a 1920, suka koma Roma a 1921, ya samu ƙaramin aiki a ofishin labarai na ma'aikatar harkokin waje.

Daga nan labarin ya daina daɗi. Ungaretti ya yi wa jaridar Benito Mussolini, Il Popolo d'Italia, aiki a Paris. Da aka sake buga Il porto sepolto a 1923, Mussolini ne ya rubuta gabatarwa. A 1925 ya sa hannu a takardar da masana suka fitar ta goyon bayan mulkin fasist, yayin da Montale ya sa hannu a ta masu adawa. Masu kare shi sukan ce butulci ne bai iya ba, ko kuma talauci da rashin sanin siyasa. Ni ina ganin ƙishirwar samun ƙasa ce ta ja shi. Wanda ya daɗe ana kallonsa baƙo yakan faɗa hannun duk mai ɗaga murya da sunan ƙasa. Amma fahimtar dalili ba ta wanke mutum. Gwamnatin da ya mara wa baya ita ce ta rataye Umar Mukhtar a Libiya a 1931, shekarar da Ungaretti ya sake ziyartar Masar a matsayin ɗan jarida, ita ce kuma ta mamaye Habasha a 1935. Mai karatu ɗan Afirka na da haƙƙin riƙe wannan a ransa yayin da yake jin daɗin waƙoƙin.

A waɗannan shekaru ya koma ga addinin Katolika a 1928, ya kuma koma ga tsohon ma'aunin da ya karya. Diwaninsa na 1933, Sentimento del tempo, ya fi na farko wuya da duhun ma'ana.

Rayuwarsa ta jami'a ta fara ne a 1936, lokacin da jami'ar São Paulo ta Brazil ta ba shi kujerar koyar da adabin Italiya. Ya sake zama baƙo a wata nahiyar. A can ɗansa Antonietto ya mutu a 1939 yana da shekara tara, sanadin ciwon afendis da ba a yi wa magani yadda ya kamata ba. Shekara biyu kafin nan ya rasa ɗan'uwansa. Daga waɗannan rashe-rashe da wahalar da Roma ta sha a hannun sojojin Jamus diwanin Il dolore, wato baƙin ciki, ya fito a 1947.

A 1942, shekarar da Brazil ta shiga yaƙi da Italiya, ya dawo gida. Gwamnati ta sa shi a majalisar masana ta ƙasa, ta kuma naɗa shi farfesan adabin Italiya na zamani a jami'ar Roma saboda shahararsa, ba tare da gasar da aka saba ba. Wannan kyauta ta zame masa ƙaya bayan faɗuwar Mussolini: an dakatar da shi a 1944, aka yi ta jayayya kan kujerar, sai a 1947 aka tabbatar masa da ita. Ya ci gaba da koyarwa har 1958, yawancin darussansa a kan Leopardi, sha'irin da ya fara karantawa a makarantar Iskandariyya. A shekarar ce matarsa ta mutu. A gefe guda ya fassara Shakespeare da Góngora da Racine da Blake zuwa Italiyanci.

Tsufansa ya zo da farin jini. A 1968 Italiyawa sun riƙa ganinsa a talabijin yana karanta baitocin Homer da kakkausar muryarsa. A 1969 aka tattara waƙoƙinsa a littafi guda, Vita d'un uomo, wato rayuwar wani mutum. A farkon 1970 ya je Amurka karɓar kyautar adabi ta jami'ar Oklahoma, tafiyar da ta raunana shi. Ya mutu a Milan a daren 1 ga Yunin 1970 yana da shekara 82. An yi jana'izarsa a Roma ba tare da wakilin gwamnati a hukumance ba, aka binne shi a maƙabartar Verano kusa da matarsa Jeanne.